Kuɗi ko kaya: wace kyauta ce ta fi amfanar wanda za ka bai wa?

Shekarun baya, da wani ƙanena ya kammala karatu, na shafe kwanaki ina tunanin abin da zan ba shi. Daga ƙarshe na saya masa agogon hannu mai kyau, na naɗe shi a takarda, na miƙa masa. Ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya har raina ya yi fari. Bayan wata biyu sai na ji daga bakin mahaifiyarmu cewa an kira shi ganawar ɗaukar aiki a wani gari mai nisa, bai je ba don ba shi da kuɗin mota, kuma kunya ta hana shi ya tambaye ni tunda ban daɗe da yi masa hidima ba. Kuɗin agogon nan ya isa ya kai shi ya dawo da shi, har a sami canji. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Tun daga nan nake bibiyar abin da masana tattalin arziki suka gano game da kyauta. Mutum zai ɗauka ƙaramin al'amari ne da bai kai a zauna a yi masa bincike ba, amma sun daɗe suna jayayya a kansa, domin kyauta tana taka wata ƙa'ida da suke ji da ita, wato cewa kowa shi ya fi sanin abin da yake so. In haka ne, me ya sa a ko'ina a duniya mutane ke wahalar da kansu suna zaɓar wa wasu kaya, alhali miƙa kuɗi ya fi sauƙi?

Hujjar masu cewa a ba da kuɗi gajeriya ce, kuma tana da ƙarfi. In na ba ka kuɗi, kana iya zuwa ka sayi ainihin abin da na yi niyyar saya maka. In kuwa ka bar shi ka sayi wani abu daban, alama ce wancan ya fi maka amfani. Duk yadda aka juya lissafin, kuɗin ba zai gaza kayan ba, sai dai ya yi daidai da su ko ya fi su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na ga ƙanena ba shi da agogo, amma ban ga abin da ke hana shi barci ba.

A 1993 Joel Waldfogel, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Yale ta Amurka, ya auna wannan magana da alƙaluma. Ya tambayi ɗalibai game da kyaututtukan da aka ba su a hutun Kirsimeti: nawa suke ganin an kashe wajen sayen kowace, kuma a wurinsu nawa ta kai in an ajiye ƙaunar mai bayarwa a gefe. Ya gano cewa daga kashi 10 cikin 100 har zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajar kyaututtukan salwanta yake yi. Ma'ana, an kashe ɗari, amma abin da ya isa hannun mai karɓa, a ma'auninsa, bai wuce casa'in ba, wani lokaci ma bai kai saba'in ba. Mai kanti bai ci wannan giɓin ba, domin da kuɗin aka bai wa ɗalibin ma kanti zai kai su. Giɓin ya bi ruwa ne kawai: riga ce da ba ta yi daidai ba, littafi ne da ba za a buɗe ba, kayan ado ne da za su ƙare a ƙasan akwati.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne bambancin masu bayarwa. Kyautar abokai da ta masoya ita ce mafi ƙarancin asara. Mafi yawan asara tana wajen dangin da ba kullum ake tare da su ba, irin su kawu da gwaggo da kakanni. Sai kuma aka ga cewa waɗannan ɗin su ne suka fi yawan ba da tsabar kuɗi. Ba su karanta tattalin arziki ba, amma sun san cewa ba su san abin da yaron nan ke so a bana ba, don haka suka bar masa zaɓi. Wannan shi ne ma'auni na farko da nake ganin ya kamata kowa ya riƙe: gwargwadon nisanka da rayuwar mutum ta yau da kullum, gwargwadon yadda kuɗi ya fi dacewa.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. A 1996 Sara Solnick da David Hemenway suka sake irin wannan tambaya ga wasu mutane daban, suka sami akasin abin da Waldfogel ya samu: masu karɓa suna ɗora wa kyaututtukansu darajar da ta zarce kuɗin da aka saye su. Wani ɓangare na saɓanin yana cikin yadda ake tsara tambayar. «Nawa za ka biya ka sayi wannan abu?» daban take da «Nawa za a ba ka ka rabu da shi?» A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗaliban aji kofuna a Jami'ar Cornell, aka ce wanda ya ga dama ya sayar wa waɗanda ba su samu ba. Masu kofin suka nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Kofi ne fa da ya shigo hannunsu 'yan mintuna kaɗan da suka wuce, kuma ba wani masoyi ne ya ba su ba. To ina ga abin da mahaifiyarka ta zaɓa maka da hannunta?

A nan ne kaya ke da abin da kuɗi ba shi da shi. Kuɗi da zarar ya shiga aljihu sai ya cakuɗa da 'yan'uwansa, bayan mako guda ba za ka iya nuna inda ya tafi ba. Kaya kuwa suna zama, kuma sunan mai bayarwa yana manne da su. Akwai kuma abin da Michael Spence ya bayyana a 1973, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001: alama ba ta da amfani sai in tana da wuyar kwaikwayo. Shi a kan takardun shaidar karatu da neman aiki ya yi maganarsa, amma ta hau kan kyauta daram. Kowa na iya cewa «ina tunaninka», kowa mai hali na iya zaro kuɗi. Amma wanda ya kawo maka ainihin abin da ka ambata sau ɗaya a cikin hira wata shida da suka wuce ya nuna maka abin da ba a iya ƙirƙira: yana saurarenka. Shi ya sa tsakanin miji da mata, ko tsakanin aminai, miƙa kuɗi a matsayin kyauta kan yi sanyi. In ma aljihunku ɗaya ne, ka ɗauko daga hannun dama ne ka sa a na hagu.

Akwai wani gwaji da nake yawan komawa gare shi, domin ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda. Sebastian Kube da Michel Maréchal da Clemens Puppe ne suka yi shi a Jamus, aka wallafa a 2012. An ɗauki ɗalibai aikin wucin gadi na shigar da bayanan littattafan wani ɗakin karatu cikin kwamfuta, a kan ladan da aka yi yarjejeniya. Da suka zo fara aiki, sai aka yi wa wasu ƙarin yuro 7 ba zato ba tsammani, wasu kuma aka ba su filas na ruwan zafi mai wannan darajar, an naɗe shi kamar kyauta. Waɗanda aka ƙara wa kuɗi aikinsu bai canza wani abin a zo a gani ba. Masu filas kuwa aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Da aka bai wa wani rukuni zaɓi tsakanin kuɗin da filas ɗin, mafi yawansu kuɗin suka ɗauka, amma duk da haka suka yi aiki da ƙwazo irin na masu filas. Sannan aka gwada abu na ƙarshe: aka ba da kuɗin nan dai, amma an lanƙwasa takardar kuɗin da fasaha an yi siffar riga da ita, an manna a kan kati. Wannan ma ya motsa mutane kamar filas ɗin, har ya ɗan fi.

Ka duba abin da ke ciki. Mutane kuɗin suke so, tunda shi suka zaɓa da aka ba su dama. Amma abin da ya taɓa zuciyarsu shi ne ganin cewa wani ya ɓata lokacinsa dominsu. Ashe abubuwa biyu ne muke cusawa cikin kalmar kyauta: amfanin da ke hannu, da saƙon da ke tafe da shi. Kuɗi ya fi kaya wajen na farko, kaya sukan fi kuɗi wajen na biyu, kuma ana iya raba su. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma kuɗin da aka miƙa a cikin ambulan tare da 'yan layuka da ka rubuta da hannunka ba ɗaya yake da wanda aka tura ta waya ba ko sallama.

Akwai wuraren da kuɗi ke yin ɓarna ta gaske, kuma bai kamata a raina wannan ba. Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun bi diddigin gidajen rainon yara 10 a birnin Haifa na Isra'ila, inda wasu iyaye ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. A shida daga ciki aka sa tarar shekel 10, wato kuɗin ƙasar, ga wanda ya makara. Maimakon makara ta ragu sai ta ƙaru sosai, kuma ko da aka janye tarar ba ta koma yadda take ba. An wallafa sakamakon a 2000. Kafin tarar, uban da ya makara kunya yake ji don ya tsayar da malama. Bayan tarar sai ya zama ciniki: na biya, ba na bin kowa, ba a bi na. Haka abin yake in maƙwabcinka ya kwana a asibiti yana jinyar ɗanka, kai kuma ka zaro kuɗi ka miƙa masa. Ka yi wa alherinsa farashi, kuma duk adadin da ka sa zai zama ko ya yi kaɗan ko ya zama cin fuska. Ga wanda ya yi maka abu don Allah da zumunci, kaya sun fi, ko da darajarsu ba ta kai kuɗin da ka so bayarwa ba.

Wata fa'idar kaya kuma Thaler ne ya fito da ita, a cikin nazarinsa kan yadda mutane ke rarraba kuɗinsu gida-gida a cikin kai: wannan na haya ne, wannan na makaranta, wannan na ko-ta-kwana. Akwai mutanen da gidan jin daɗin kansu kullum a rufe yake. Uwar da ke ɗawainiyar yara, in ka ba ta kuɗi ka ce ta sayi abin da ranta ke so, kafin dare sun zama takalmin makaranta. In kana son ita kanta ta mori abin, sai ka sayo shi ka kawo, ta yadda ba za ta ji nauyin ta kashe wa kanta ba. Haka nan in ka san wani abu da mutumin bai san da shi ba, kamar kayan aikin da zai rage masa wahalar sana'arsa, saninka ya fi nasa a wannan gaɓar, kuma hujjar mai ɗaki ba ta aiki a kanka.

Amma ina so a yi hattara da wannan hujjar, domin ita ce muka fi fakewa da ita. Sau da yawa in muka ce «na fi shi sanin abin da ya dace da shi», kanmu muke yi wa hidima. Jeff Galak na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan kurakuran kyauta a 2016, suka ce tushensu ɗaya ne: mai bayarwa yana kallon lokacin da za a buɗe ƙunshin, yana jiran ya ga mamaki da murmushi, shi kuwa mai karɓa yana kallon watanni da shekarun da zai zauna da abin. Shi ya sa muke zaɓar mai ƙyalli mu bar mai amfani. Francis Flynn da Gabrielle Adams, waɗanda a lokacin suke Jami'ar Stanford, su ma sun nuna a 2009 cewa masu bayarwa suna zaton tsadar kyauta tana ƙara godiya, alhali a wajen masu karɓa tsadar ba ta da wannan tasirin. Da na karanta wannan na gane agogon nan. Na zaɓe shi ne don ina son in ga fuskarsa ya buɗe kwalin, kuma na gani. Abin da ya biyo baya shi ya ɗauka shi kaɗai.

Sai babbar fargabar da ke hana mutane ba mabuƙaci kuɗi: zai ɓarnatar. Wannan zargi an auna shi. David Evans da Anna Popova, a wani aiki na Bankin Duniya a 2014, sun duba bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka kan shirye-shiryen da ke bai wa matalauta tallafin kuɗi kai tsaye. Ba su ga kashe kuɗi a kan giya da taba ya ƙaru ba, a dunƙule ma raguwa ya yi. Tabbas akwai mutumin da ka sani da idonka cewa shaye-shaye ko caca sun kama shi, wannan hukuncinsa daban, sai ka biya masa buƙatar kai tsaye. Amma ɗora wannan zato a kan duk wanda hannunsa ya gaza zalunci ne. A ganina a nan ne zaɓin ya fi fitowa fili: duk wanda ke cikin matsi, kuɗi za ka ba shi. Mai wadata in kyautarka ba ta yi masa ba, ajiye ta zai yi ya manta. Marar shi kuwa asarar kashi ɗaya bisa uku a wurinsa magani ne da ba a saya ba, ko tafiya ce da ba a yi ba. Kuma kyautar kaya tana iya rufe masa baki, kamar yadda ta rufe wa ƙanena, domin wanda aka yi wa hidima jiya yana jin nauyin ya buɗe baki yau.

Katin sayayya na wani kanti, wato katin da ka biya kuɗinsa ka bai wa mutum ya je ya zaɓi kaya da shi a kantin, wanda mutane ke ɗauka a matsayin tsaka-tsaki, ni ban cika ganin amfaninsa ba. Adadin kuɗin yana rubuce a jikinsa, don haka bai ɓoye abin da kuɗi ke tonawa ba, sannan ya ɗaure mutum a kanti ɗaya. Ana mantawa da shi a aljihu, ana barin ragowar canji a ciki, in kantin ya durƙushe kuma yana iya zama takardar banza. Matsalar ƙarewar wa'adi ta kai har a Amurka aka yi doka a 2009 da ta hana irin waɗannan katuna mutuwa kafin shekara biyar. Inda yake da rana shi ne wajen irin uwar da na ambata, wadda kake so ka tilasta mata ta kashe wa kanta, amma ba ka san launi ko girman da take so ba.

Tsaka-tsakin gaskiya shi ne tambaya. Muna gudunta don muna ganin tana kashe armashi, amma armashin nan mu ne muke jin sa fiye da mai karɓa. In kana jin nauyin tambayarsa kai tsaye, tambayi wanda ke kwana da tashi da shi. Da na tambayi mahaifiyarmu kafin in shiga kanti, da ta faɗa mini a cikin minti ɗaya. Da ƙanwarmu ta kammala nata karatun haka na yi. Aka ce mini tana tara kuɗin wani kwas ne, sai na sa abin da zan iya a ambulan, na rubuta mata wasiƙa, na haɗa da alƙalami mai sauƙin kuɗi. Kuɗin sun tafi inda ta nufa da su, alƙalamin kuma yana jakarta.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mutumin da ya fi ka hali ko ya girme ka a matsayi, kamar malaminka ko maigidanka a wurin aiki. Kuɗinka ba zai ƙara masa komai ba, kuma yana iya ɗaukar wata fassara da ba ka nufa ba. Kayan kanti ma duk wanda za ka iya saya ya riga ya mallaki wanda ya fi shi. A nan sai ka nemi abin da kai kake da shi cikin sauƙi, shi kuma kuɗinsa ba za su samo masa ba: tsohon hoton da ba shi da kwafinsa, abin da ka yi da hannunka, ko wata hidima da ka ƙware a kai.

In kuma ka auna duk wannan ka tsaya a kan kaya, akwai hanyoyin rage asarar. Ka zaɓi abin da mutum zai yi amfani da shi kullum a kan wanda zai burge shi ranar farko. Ka guji abin da ya dogara da girman jiki ko launi ko ƙamshi, sai in ka tabbata, domin a nan kuskure ya fi yawa. Ka guji abin da zai jawo masa sabon kashe kuɗi, kamar na'urar da ke buƙatar kayan gyara masu tsada ko dabbar da za a ciyar. In kantin yana karɓar canji, ka sa rasit a cikin kwalin ka gaya masa da bakinka cewa in bai yi masa ba ya je ya canza, ba za ka ji komai ba. Bayan nan kuma, in ka ziyarce shi, kada ka riƙa waige-waige kana neman inda ya ajiye abin, kada kuma ka tambaye shi me ya sa ba ka taɓa ganin ya sa ba.